Tsatsar Cikin Jiki

Gulbin Rima ya sadu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya tafi ya faɗa cikin Kwara. In damina ta yi nisa ya kan cika ya batse, ya malale fadama. Da wannan ruwa mutanen ƙasar Kabi su ke noman shinkafa, a cikinsa kuma Sarkawa su ke kama kifi. A shekarar 1934 aka fara bikin kamun kifi na Argungu, wanda a ke yi a Matan Fada. Ruwa ne mai albarka ƙwarai, amma akwai cututtuka biyu da su ke fakewa a cikinsa, yara kuwa su suka fi shan wahalarsu.

Ta fari ita ce zazzaɓin cizon sauro. Sauro ya kan yi ƙwai a kwantaccen ruwa. In macen sauro ta ciji mai zazzaɓi, ta koma ta ciji mai lafiya, sai ta zuba masa waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Wani likita Bature, Ronald Ross, shi ya gane haka a ƙasar Indiya a shekarar 1897. Da aka auna jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya a 2021, an sami ƙwayar nan a jinin yara 49 cikin ko wane 100 a Jihar Kebbi. Babu jihar da ta kai haka.

Ta biyu ita ce tsargiya. Wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a shekarar 1851. In mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya kan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin katantanwa su yi yawa. Daga nan su fito su huda fatar wanda ya shiga wanka, ko su, ko dashen shinkafa. In sun girma cikin jijiyoyin jini sai su yi ta zuba ƙwai, ƙwan ya riƙa tsaga mafitsara, yaro ya dinga fitsari da jini. Waɗansu su kan ce alamar balaga ce. Ba haka ba ne, ciwo ne.

To, ban da zafin jiki da zubar jini, akwai wata ɓarna da cututtukan nan su ke yi a ɓoye. Kowa ya san abin da ke samun fartanya in an bar ta a waje ruwa ya dake ta: sai ta yi tsatsa. Haka kuma in an yanka gauta an ajiye, ba da jimawa ba sai wurin yankan ya yi duhu. Abin da ke jawo wannan duka wata iska ce da ke cikin iskar da a ke shaƙa, ana kiranta oksijin. Ba mai rayuwa sai da ita, gama da ita jiki ya ke ƙona abinci ya sami ƙarfi. Amma kamar yadda wutar murhu ta ke tartsatsi, haka wannan ƙuna ta cikin jiki ta ke fid da nata tartsatsin. In ya faɗa wa wani sashe na jiki sai ya ci shi, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Ga mai lafiya tartsatsin kaɗan ne, jiki ya kan kashe shi nan da nan. Ga mai zazzaɓi kuwa ya kan yi yawa, saboda dalili biyu. Na ɗaya, ƙwayar zazzaɓi ta kan shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta cinye abin da ke ba su launin ja. Abin nan yana da sinadarin ƙarfe a ciki, in ya warwatsu sai tartsatsi ya ƙaru. Na biyu, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, da tartsatsin nan su ke harbin maƙiyi. Harbi kuwa ba ya zaɓe. Jajayen ƙwayoyi da yawa waɗanda cutar ba ta ko shiga ba su kan lalace, saifa ta kwashe su. Shi ya sa yaron da ya sha zazzaɓi za a ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, jininsa ya ragu. Haka kuma dakarun nan su kan yi wa ƙwan tsargiya taron dangi shekara da shekaru, har mafitsara ta yi tabo.

Allah bai bar jiki ba tsaro ba. Cikin masu kashe tartsatsin nan akwai waɗansu abubuwa da ke cikin abinci, ana ce da su bitamin. Wani masani mutumin Folan, Casimir Funk, shi ya raɗa musu wannan suna a shekarar 1912. Uku daga cikinsu su ne a ke magana a kansu a nan.

Bitamin E yana zaune a fatar ko wace ƙwayar jini, yana tare tartsatsi. Ana samunsa a gyaɗa da man gyaɗa da manja. Bitamin C yana yawo cikin ruwan jiki, in bitamin E ya gaji shi ke mayar masa da ƙarfinsa. Ana samunsa a gwaba, da lemo, da garin 'ya'yan kuka, da tumatir, da zogale. Ba ya jure wuta, saboda haka ganyen da aka daɗe ana dafawa ya kan rasa shi. Bitamin A yana ƙarfafa dakarun jiki, yana kuma tsare ido, rashinsa ne ke kawo dundumi. Ana samunsa a hanta, da ƙwai, da manja, da mangwaro, da gwanda, da kabewa, da karas, da alayyahu. Ya fi shiga jiki in an ci shi da ɗan mai. Duk waɗannan ana sayar da su a kasuwar Birnin Kebbi da ta Argungu, waɗansu ma a bayan gida su ke.

Yaro marar lafiya ya kan ƙone bitamin ɗinsa da sauri, ga shi kuma ba ya son cin abinci. Don haka sau biyu a shekara malaman asibiti su kan ɗiga wa yara bitamin A a baki, tun daga mai wata 6 har zuwa mai wata 59. Ƙwaya shuɗiya ta waɗanda ba su cika shekara ba ce, ja kuwa ta waɗanda suka cika.

Amma fa bitamin ba ya kashe ƙwayar zazzaɓi, ba ya kuma kashe tsutsar tsargiya. In gara ta shiga rumbu, yaɓe ba ya fid da ita: sai an kashe garar tukuna, sa'an nan a gyara bango. Mai zafin jiki a kai shi asibiti tun ranar, a auna jininsa, in an ba shi magani ya shanye na kwana uku ɗin duka. Mai tsargiya kuwa akwai ƙwayar da a ke kira firazikwantal, wadda a kan raba a makarantu, a ba ko wane yaro gwargwadon tsawonsa.

Akwai kuma abin mamaki. Babban maganin zazzaɓi na yanzu, watau atimisinin, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tsamo daga wani ganye a shekarar 1972, shi ma da irin tartsatsin nan ya ke kashe ƙwayar cutar. Ashe tartsatsi ba kullum ne ya ke ɓarna ba. Saboda haka bai kamata mutum ya sayi ƙwayoyin bitamin barkatai ya haɗa da maganinsa ba, sai da umarnin likita. Bitamin A ma in ya wuce kima ya kan taru a hanta ya cuce ta. Abin da ya fi aminci ga mai jinya shi ne magani daga asibiti, bitamin daga akushi.

Rigakafi dai ya fi magani. Yaro mai hankali ya kan kwana cikin gidan sauro, ba ya fitsari a gulbi ko a kududdufi, in ya ga jini a fitsarinsa ya kan gaya wa iyayensa ko malaminsa ba tare da jin kunya ba. A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, da Jihar Kebbi da Jihar Bayelsa aka fara. Wanda ya ke da ƙane ko ƙanwa a goye ya kamata ya tuna wa mutanen gidansu.

Tambayoyi

1. Ta yaya tsutsar tsargiya ta ke shiga jikin mutum?
2. Me ya sa jinin mai zazzaɓi ya ke raguwa?
3. Faɗi abinci uku masu bitamin C, da uku masu bitamin A.
4. Don me aka kawo misalin gara da rumbu?

Aiki

A yanka gauta biyu. A matsa wa ɓari ɗaya lemon tsami, a bar ɗayan haka nan. Bayan sa'a guda a duba su, a rubuta abin da aka gani da dalilinsa.