Duban Zuciya da Na'ura

Zuciyar mutum ɗaki huɗu gare ta. Ɗakin ƙasa na hagu shi ke tura jini ko'ina cikin jiki. In ya raunana, numfashi yakan yi wuya, ƙafafu su kumbura.

A 1953, a ƙasar Suwidin, aka fara duban zuciya da amsa-kuwwar sauti, ba yanka, ba zafi. Na'urar takan nuna yawan jinin da ɗakin nan ke fitarwa a kowane bugu. Na mai lafiya yakan fitar da kashi 50 zuwa 70 bisa ɗari na jinin cikinsa. In bai wuce 40 ba, ya raunana ke nan.

A ƙasar Hausa ciwon nan yakan kama masu jego. Saboda haka ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai, mai jegon da aka ga tana haki da kumburi a kai ta babban asibiti da wuri.