Rubuta Ƙunshi a Harshen Perl da Kiyaye Mazubai na Musamman

Perl yana daga cikin harsunan da ake ba na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni da su. Wani Ba'amurke mai suna Larry Wall ne ya fito da shi a 1987, domin sauƙaƙa aikin tace rubutu da fitar da rahoto. A 1994 aka sami Perl 5, wanda ya zo da tsarin ƙunshi, watau fayil guda da ake tara umarni a ciki, a raɗa masa suna, yadda kowace manhaja za ta iya kiransa ba sai an sake rubutawa ba. Daga 1995 kuma aka buɗe rumbun CPAN, inda ake ajiye irin wannan ƙunshi dubbai, kowa ya ɗauka kyauta.

Haɗa ƙunshi ba wani abu ne mai wuya ba. Sunan fayil ya ƙare da .pm, a fara shi da kalmar package tare da sunan da aka zaɓa. Alal misali, ƙunshin da aka kira Hisabi::Albashi zai zauna a fayil Albashi.pm cikin jakar Hisabi. A layin ƙarshe akan rubuta 1. Domin Perl ya tabbatar an ɗora shi lafiya, ko da yake tun daga Perl 5.38 na 2023 wanda ya rubuta use v5.38 a sama an ɗauke masa wannan.

Inda hankali ya kamata ya tsaya shi ne a kan mazubai. Mazubi wuri ne da manhaja ke zuba bayani ta ba shi suna. Wanda mai rubutu ya ƙirƙira da kalmar my nasa ne, ba mai taɓa masa. Amma akwai waɗansu da Perl ya zo da su tun asali, sunayensu alamomi ne kawai. $0 yana riƙe da sunan manhajar da ke aiki, $! yana riƙe da dalilin gazawar da ta faru yanzu, shi ya sa ake karanta shi nan take kafin wani umarni ya sauya shi. $_ kuwa shi ne inda Perl ke zuba abu idan ba a faɗa masa wani wuri ba. Waɗannan ba na wani ƙunshi ba ne, na kowa da kowa ne, tamkar mudun da 'yan kasuwa duka ke awo da shi. Wanda ya lotsa shi ya ɓata awon kowa.

A dubi $/, mazubin da ke gaya wa Perl inda layi ya ƙare. A ce wani ofis yana da manhajar da ke karanta sunayen ma'aikata layi bi layi domin biyan albashi. Tana cikin aiki sai ta kira wani ƙunshi, shi kuwa marubucinsa yana son haɗiye fayil ɗungurungum, saboda haka ya rubuta undef $/. Ya gama buƙatarsa ya tafi. Da manhajar ta koma kan aikinta, sauran sunayen duka za su zo mata a dunƙule kamar sunan mutum ɗaya. Abin da ya fi muni, na'urar ba za ta yi ƙorafi ba, domin a wurinta umarni aka ba ta ta bi. Sai ƙarshen wata ya zo a ga ɓarna, a yi ta laluben laifi a inda babu shi.

Maganin kalma ɗaya ce, local. Idan aka rubuta local $/. A cikin baka biyu masu lanƙwasa, Perl zai adana abin da ke cikin mazubin, da an fita daga bakan ya mayar da shi yadda yake, ko da kuskure ne ya katse aikin. Haka ma $_ yake buƙatar lura. Zagayen foreach yakan mayar da shi da kansa, amma while da ke karanta fayil ba ya yi, don haka ya fi kyau marubuci ya tanadi mazubinsa da my. Masu gaggawa sukan raina wannan, alhali bai fi haruffa kaɗan ba.

Har ila yau akwai @INC, jerin jakunkunan da Perl ke dubawa idan an kira ƙunshi. A da jakar da mutum ke aiki a ciki tana cikin jerin, abin da ya ba mugu damar ajiye fayil na bogi a ɗora shi ba a sani ba. A Perl 5.26 na 2017 aka cire ta. Wanda ya tarar tsohuwar manhajarsa ta kasa ganin ƙunshinta, sai ya nuna mata jakar da umarnin use lib. Cikakken bayanin kowane mazubi kuwa yana fitowa idan aka buga perldoc perlvar.