Ƙwaƙwalwa da Laka: Tsarinsu da Ayyukansu

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan jingina tunani ga zuciya, shi ya sa yake cewa "zuciyata ta ba ni". A ilimin kimiyya kuwa, ƙwaƙwalwa ce cibiyar tunani da motsi da magana, laka kuma ita ce hanyar da saƙonninta ke bi. Don haka ya wajaba ga mai nazarin harshe ya san su.

1.1 Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, lulluɓe da tantani hawa uku, wanda kumburinsa ne ake kira sanƙarau. Nauyinta a jikin baligi kimanin kilo 1.4 ne. Ta kasu gida uku:

(a) Babbar ƙwaƙwalwa: ita ke kula da tunani da gani da ji da motsin ganganci. Ɓarinta na hagu ke sarrafa gefen dama na jiki, na dama kuma gefen hagu.

(b) Ƙaramar ƙwaƙwalwa: tana wajen ƙeya, tana daidaita tsayuwa da tafiya.

(c) Tushen ƙwaƙwalwa: shi ke tafiyar da numfashi da bugun zuciya, ko da mutum yana barci.

1.2 Laka

Laka ta zarce daga tushen ƙwaƙwalwa, ta ratsa cikin ƙashin baya, tsawonta kimanin santimita 45. Jijiyoyi tagwaye guda 31 ne suka fito daga gare ta. Takan yanke hukuncin gaggawa da kanta: wanda ya taka garwashi yakan janye ƙafa tun kafin ya ji zafin. Idan laka ta tsinke a hatsari, sassan da ke ƙasa da raunin sukan shanye.

1.3 Ƙwaƙwalwa da Magana

A shekarar 1861, likitan Faransa Paul Broca ya binciki ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasu, wanda yake fahimtar zance amma ba ya iya furta komai sai "tan". Ya tarar da rauni a gaban ɓarin hagu. A 1874 kuma, Bajamushe Carl Wernicke ya gano wani gurbi a ɓarin hagun, mai kula da fahimtar magana. Wannan ne dalilin da ya sa shanyewar ɓarin jiki na dama kan zo da ɗaukewar magana, alhali harshe da leɓɓa ba su ji rauni ba.

1.4 Auna Fahimta

1. Kawo sassan ƙwaƙwalwa da aikin kowanne.
2. Yi bayanin dangantakar ƙwaƙwalwa da magana.