Shawarar Baƙo a Wurin Aiki: Darasi Daga Yaƙin Gwalalo

A shekara ta 5 bayan Hijira, Ƙuraishawa da ƙabilun da suka haɗa kai da su suka taso wa Madina da mayaƙa wajen 10,000, alhali Musulmi ba su wuce 3,000 ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi shawarar Sahabbai. Sai Salmanu, mutumin Farisa, wanda bai daɗe da samun 'yanci daga bauta ba, ya ce a ƙasarsu gwalalo ake haƙawa a tare mahaya dawaki.

Larabawa ba su saba da wannan dabara ba, amma aka karɓe ta. Aka raba aiki, kowane mutum 10 kamu 40, Annabi da kansa yana ɗaukar ƙasa. Muhajirai da Ansaru har ja-in-ja suka yi, kowane ɓangare na cewa Salmanu nasu ne. Maƙiya suka yi zaman kusan wata guda, suka koma ba su shiga Madina ba.

To, a ofis ko masana'anta, duk shugaban da ke auna magana da ƙabilar mai ita, ma'aikata za su kama bakinsu, a ga kuskure a yi shiru har aiki ya lalace. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta koyar da cewa an yi mutane ƙabila-ƙabila domin su san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne. Allah Ya sa a gane, amin.