Yaya Ake Auna Sauƙin Takardun Gwamnati?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: yaya gwamnati ke gane cewa jama'a na fahimtar takardunta?

To Malam, mu ɗauki Amurka. A watan Oktoban 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya yin rubutu cikin sauƙi, tare da fitar da rahoto duk shekara.

Babban ma'auni kuwa shi ne mai karatu. Ana miƙa masa fom, a zauna kusa da shi, a ga inda bironsa ya tsaya cak. Sannan a ƙirga fom nawa aka mayar saboda kuskure, a duba ko masu bugo waya neman ƙarin bayani sun ragu.

Takardar da talaka bai gane ba, ba ta yi aikinta ba.