Gyara Gidanka Tun Hadari Bai Haɗo Ba



Kowane manomi a ƙasar Yekuwa yana ɗokin damina, gama ita ce abincinmu. Amma ruwan da yake raya gero, shi ne kuma yake kā da bango. A daminar 2024 mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar saboda ruwa, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi hasarar gida, ko gona, ko dabbobi. Waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu kuwa gini ne ya faɗo musu. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa wanda ya tsaya shekara fiye da 150, ya rushe. In irin wannan gini ya faɗi, kada ka ce naka ba zai faɗi ba.

Ubangiji Yesu ya ba da misalin magina biyu a Matiyu sura 7. Ka lura, ruwa ɗaya da iska ɗaya suka bugi gidajen nan biyu. Bambancinsu yana ga aikin da aka yi tun hadari bai zo ba. Haka yake ga rai, haka yake ga ɗakin da 'ya'yanka suke kwana. Lokacin gyara shi ne bazara, watan Afrilu da Mayu. Da zarar an yi shuka, gona za ta cinye ranarka duka.

Ka fara daga bisa

Ka hau soro ka duba. In an yi ruwan milimita 50 a kan soro mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, lita 800 ke nan, wato cikin duro huɗu. Dole ruwan nan ya sami hanya. Ka share indararo, ka tabbata bakinsa ya yi nisa da bango. Ka cike kwari da tsaga da sabon yaɓe. Daga ciki kuma ka ƙwanƙwasa azara ɗaya ɗaya. Wadda gara ta ci, ka sāke ta, gama jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi ƙwarai.

In jinka gare ka, ka ƙara shuci, ka ɗaure ta da sabuwar igiya. In kwano ne, ka bi kusoshi, ka ɗaure katako da bango da waya mai ƙarfi. Kada ka dogara ga duwatsun da ake ɗorawa a kan kwano. Sa'ad da iska ta yaye rufi, da dutse da kwano duk sukan zama makami.

Ka duba bangon gabas

Ka san hadarinmu daga gabas yakan taso, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Saboda haka bangon gabas ne yake shan dūka. Shi za ka fara yaɓewa, da laka mai ciyawa wadda ta kwana ta ruɓa sosai. In kana da makuba, ka shafe shi da ita. Kada ka raina ƙaramar tsaga, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa ma haka ne.

Ka tsare gindin bango

Sau da yawa gini daga ƙasa yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindinsa, tubali ya jiƙe ya yi laushi, sai nauyin bisa ya danne shi. Ka tara ƙasa a gindin bango ka daɓe, ta gangara waje. Ka buɗe rariya, ka haƙa wa ruwa hanya zuwa kududdufi. Amma ka yi shawara da maƙwabcinka tukuna, kada ka juya masa ruwa cikin gida. Rumbu kuma, ka duba duwatsun da yake zaune a kai, da hularsa, gama hatsin da zai kai ku kaka yana ciki.

Itatuwa suna karya ƙarfin iska. Manoman Magarya, da Matamaye, da Mirya sun yi suna wajen barin gawo ya girma a gonakinsu. Ka raini itatuwa gabas da gida, amma ka sare busasshen reshe wanda ya rataya bisa ɗaki.

Daren hadari

Uwargida, wannan sashi naki ne tare da maigida. Ki sa takardun haihuwa, da na makaranta, da na gona cikin leda, ki rataye. Tocila ta kwana kusa da hannu. Ku shigar da yara ɗaki, kada kowa ya fake a gindin itace sa'ad da ake tsawa.

In an kwana biyu ana ruwa, ku lura da alamu: bango ya jiƙe har ciki, ƙasa tana zubowa daga rufi, azara tana ƙara, ƙofa ta ƙi rufuwa. In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku fita nan da nan, ko da tsakar dare ne. Gara ku jiƙe a waje ko ku kwana wurin maƙwabci. Ɗaki yana sāke ginuwa, yaro kuwa ba ya komowa.

Bayan ka gama naka, ka tuna da gwauruwa da tsofaffin unguwarku, ko na ikilisiya ne ko ba na ikilisiya ba. Samari biyar za su yaɓe musu soro a yini guda.

Tambayoyi domin iyali

1. Ina ruwan soronku yake bi in ya sauko?
2. Wane ɗaki ne ya fi rauni, wa yake kwana ciki?
3. In dole ku fita da dare, gidan wa za ku? Wa zai ɗauki ƙaramin yaro?

Ku amsa su yau da yamma. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye gidajenmu.