Me Ya Sa Bayahudiya Take Rufe Ido a Gaban Kyandir?

Tambaya: Malam, na ga wani fim inda wata Bayahudiya ta kunna kyandir biyu a gidanta da yammacin Juma'a, ta rufe idanunta da tafin hannu tana motsa baki. Wutar take bauta wa, ko kuwa al'ada ce kawai? Kuma su ma suna ƙulla niyya kamar yadda muke yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, ba wuta take bauta wa ba. Abin da kika gani shi ne shigar Asabar, ranar hutun da suke kira Shabbat, wadda take farawa da faɗuwar ranar Juma'a. A yawancin wurare ana kunna kyandir ɗin saura minti 18 rana ta faɗi, a Birnin Ƙudus kuwa saura minti 40. Rufe idon yana da dalili. A ƙa'idarsu addu'ar godiya ga Allah ita ke rigar aiki. To amma da zarar matar ta yi wannan addu'a, Asabar ta shigar mata, kunna wuta kuma ya haramta. Sai ta fara kunnawa, ta rufe ido, ta yi addu'ar, sannan ta buɗe ta ga hasken kamar yanzu ya zo. A wannan ɗan tsakanin ne uwa take roƙa wa 'ya'yanta da mijinta abin da ke ranta.

Batun niyya kuwa, suna da ita, sunanta kawana, daga kalmar Ibrananci mai nufin fuskantar da abu wani waje, wato a juya zuciya ta dubi inda ake nufi. Littafin Mishna ya kawo misalin mutumin da yake wucewa ta bayan wurin ibada ranar sabuwar shekara, ya ji ana busa ƙaho. In ya kai zuciyarsa, ya sauke wajibin sauraro. In kunnensa ne kawai ya ji, bai sauke ba. Malamansu sun daɗe suna muhawara a kan ko kowane umarni yana buƙatar kawana, har Yusuf Karo ya tsayar a littafinsa Shulhan Aruk, wanda aka buga a birnin Benis a 1565, cewa yana buƙata.

Me ya sa abin ya fi ƙarfi a cikin gida? Bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, hadaya ta tsaya, sai malamansu suka koyar cewa teburin cin abinci ya maye gurbin bagadi. Shi ya sa ake barbaɗa gishiri a burodin Asabar, kamar yadda ake yi wa hadaya a da. Burodin guda biyu ne, don tuna mannun da yake sauko wa Bani Isra'ila ninki biyu ranar Juma'a a jeji.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka dasa ƙananan tsayawa a cikin hidimar, don kada hannu ya riga zuciya. Bayan an wanke hannu, ba mai cewa uffan sai an yi addu'a an gutsuri burodi. Ki ƙiyasta gida cike da yara, kowa da yunwa, amma a yi tsit. A gidaje da yawa kuma iyaye kan ɗora hannu a kan kowane yaro su sa masa albarka: namiji a roƙa masa ya zama kamar Ifraimu da Manassa, 'ya'yan Annabi Yusuf, mace kuma kamar Saratu da Rifkatu da Rahila da Lai'atu. Wasu kan ƙara raɗa wa yaron wata magana tasa shi kaɗai, wani abin kirki da suka ga ya yi a makon. A ganina nan ne kawana take fitowa fili, domin kalmomin ba sa canzawa, amma yaron da ke ƙarƙashin hannun yana canzawa kowane mako.

Su ma suna kuka da abin da muke kuka da shi, wato sabo, inda baki ke karatu hankali yana kasuwa. Mishna ta ba da labarin salihan farko da suke zama shiru na awa guda kafin su fara addu'a. Iyalan yau ba su da wannan sararin, sai su yi abin da za su iya: a kashe waya tun kafin a kunna kyandir, a fassara wa yara addu'ar da harshen da suke ji, a bar su su yi tambaya. A daren Idin Ƙetarewa ma, autan gida ne yake yin tambayoyi huɗu kafin a ba da labarin fita daga Masar.

Idan taurari uku suka fito bayan faɗuwar ranar Asabar, sai a yi sallama da ranar. A cika kofi da ruwan inabi, a kunna kyandir mai lagwani fiye da ɗaya, a zagaya da kanumfari ko kirfa kowa ya shaƙa, don a rarrashi rai da zai koma hidimar mako. Daga nan a tsoma wutar a cikin ruwan inabin ta mutu.